Gimbiya a Hannun Dodo: Tarihin Mace a Wasannin Bidiyo

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A shekarar 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok, wato MoMA, ya shigar da wasannin bidiyo 14 cikin taskarsa. Tunda kuwa an yarda fasaha ce, ya kamata mu yi mata tambayar da muke yi wa kowane ƙagaggen labari: wane ne mai aikatawa, wace ce ake aikatawa a kanta?

A 1981 Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan ya fito da Donkey Kong, inda goggon biri ya sace budurwa, wani kafinta, wanda daga baya aka raɗa wa suna Mario, ya yi ta hawan tsani don ya ƙwato ta. Ita kuwa ba ta da aikin da ya wuce tsayuwa a can sama tana neman agaji. A kan wannan turba aka gina Super Mario Bros. na 1985 da The Legend of Zelda na 1986. Abin lura, wasan na biyu sunan gimbiya yake ɗauke da shi, amma saurayi Link ne ke hannun mai wasa. Macen dai tukuici ce a ƙarshen wahala.

Har ila yau, da yake na'urorin wancan zamani ba su iya zana fuska sosai, sai aka koma ga alama. Da aka so yin Ms. Pac-Man a 1982, sai aka ɗauki ƙwallon nan mai ruwan ɗorawa aka ɗaura masa jan ƙyalle a ka, aka shafa masa jan-baki. Ma'anar wannan a fili take: namiji shi ne asali wanda ba ya bukatar shaida, mace kuwa sai an yi mata lamba.

Metroid na 1986 ya zo da wata dabara. Mai wasa zai yi ta fafatawa da jarumi Samus Aran cikin sulke da kwalkwali, sai a ƙarshe, idan ya gama da wuri, a tuɓe kwalkwalin ya ga ashe mace ce. Sai dai kash! gwargwadon saurin gamawa, gwargwadon raguwar suturarta. An ba ta jarunta da hannun dama, an mayar da ita tukuici da na hagu.

Haka ja-in-ja ɗin ya biyo Lara Croft, wadda kamfanin Core Design na garin Derby a Ingila ya fitar a Tomb Raider cikin 1996. Masaniyar kayan tarihi ce, ba ta jiran kowa ya cece ta, amma masu talla surarta suka sa a gaba. Da aka sabunta wasan a 2013, marubuciya Rhianna Pratchett ta ba ta tsoro da rauni da juriya irin na ɗan Adam. Gimbiya Zelda kuwa sai a 2024, bayan shekara 38, Nintendo ya miƙa mata ragamar babban wasa, Echoes of Wisdom, inda ita ce ke fita neman Link.

Darasin da ke nan gare mu masu riƙe da alƙalami shi ne, wasan bidiyo ba ya ɓoye wanda ke da iko, domin madannan da ke hannunka mutum ɗaya suke motsawa. A littafi kuwa muna iya lulluɓe wannan da yabon ido da wuya da tafiyar rangwaɗa. To, mu koma kan rubutunmu mu ƙirga: sau nawa tauraruwarmu ta yanke shawarar da ta juya labarin? Idan za a iya cire ta a sa jakar zinariya a gurbinta ba tare da labarin ya girgiza ba, to har yanzu tana can saman tsani tana jiran kafinta.