Hayaƙin Turbo: Daga Garejin Ɗalibai Zuwa Hanyar Batsari

Yau tarihin wani hayaƙi za mu bi, shuɗin hayaƙin nan da ke fita daga salansar mota idan inji yana shan baƙin mai. Duk wanda ya taɓa bin bayan motar dizal da ta ɗauko rogo daga Batsari, ko ta fito Safana da buhunan hatsi, ya san warinsa.

Bakanikenmu na da idan ya ga wannan hayaƙi, hukunci ɗaya ne: ringi ya mutu, a sauke inji. Kuma yana da hujja. A kan Peugeot 504 ya koyi aiki, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma ita ba ta da turbo. To amma yanzu motoci masu turbo sun cika hanya, a cikinsu kuma baƙin mai yana da wata ƙofar fita daban.

Turbo ɗin ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar fasahar a 1905. Dabarar ita ce hayaƙin da inji ke zubarwa ya juya farfela, ita kuma ta juya wata farfelar da ke cusa iska cikin inji. Jiragen ruwa ne suka fara amfana, sai manyan motoci. Ƙananan motoci sai 1962 a Amurka. Da Renault ta kai shi tseren Formula 1 a 1977 a Ingila, dariya aka yi ta yi, don motar kan tsaya tana tuƙa hayaƙi, har aka yi mata laƙabi da butar shayi. A 1979 ta ci tsere a Faransa, dariya ta ƙare.

Ga inda matsalar take. Sandar da ta haɗa farfelun biyu tana juyawa fiye da sau dubu 100 a minti ɗaya, kuma a kan baƙin mai take shawagi. Abin da ke tare man ba roba ba ce, ɗan zoben ƙarfe ne, kuma matsin iska ne ke taimaka masa ya riƙe man a ciki. Idan matsin ya juye ya zama zuƙa, shi ke nan, mai zai bi iska ya shiga inji ya ƙone.

Waɗanda suka fi shan wuyar wannan su ne ɗalibai. A 1981 aka fara gasar Formula SAE a Amurka, inda ɗaliban jami'a ke ƙera motar tsere da hannunsu. Don a rage gudu, doka ta ce duk iskar injin fetur sai ta bi ta rami mai faɗin milimita 20. Ka duba yatsanka, kusan kaurinsa ke nan. Sannan tsohuwar dokar ta sa ƙofar totur a gaba, turbo a baya. Direba na ɗaga ƙafa ƙofa ta rufe, farfela kuma tana ci gaba da zuƙa, ba iska, sai ta zuƙo mai. Shekara da shekaru yara suna canza zobe, suna rage man da ke shiga turbo, suna faɗaɗa bututun da ke mayar da shi ƙasa. Sai a dokokin 2015 aka mayar da totur bayan turbo. A ganina wannan ya nuna tun farko ba turbo ne mai laifi ba, tsarin iskar ne.

Mu a nan, ɗaliban ABU Zariya sun ƙera mota mai suna ABUCAR don gasar Shell Eco-marathon, amma waccan gasar tattalin mai ce, ba ta gudu ba.

To ina ruwan direban Batsari da dokar ɗaliban Amurka? Ƙura. Hanyoyin ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu na ƙasa ne, ga hunturu ya zo da tasa. Matatar iska ta toshe, turbo yana zuƙa bai samun abin da yake so. Daidai abin da ya sami ɗaliban nan, sai dai shi ƙura ce ta rufe masa ƙofa. Mota ta fara hayaƙi, a ce turbo ya mutu, a sayo na gwanjo da kuɗin da ya isa cefanen watanni, bayan sati biyu hayaƙi ya dawo. Haka ma idan bututun mayar da mai ya cushe da dauɗa saboda an daɗe ba a yi juye ba, ko direba ya kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, man da ke ciki ya dahu ya zama gawayi.

Kuma a injin dizal abin ya wuce asarar kuɗi. Dizal yana iya ƙona baƙin mai kamar abincinsa. Idan ya taru da yawa a hanyar iska, inji sai ya ɗauki gudu da kansa, ka zare makulli bai tsaya ba, har sai an toshe masa iska ko ya fashe.