Duwatsun Ningi: Kagarar Da Ta Gagari Dawaki

Wanda ya tashi daga Dambam ya bi ta Azare, ya nufi kudu maso yamma, zai kai ƙasar Ningi a jihar Bauci. Daga garin Ningi na yau sai ya shiga cikin duwatsu zuwa Tsohuwar Ningi. Hawan yana da wuya. Wuyar nan kuwa ita ce ta tsare mutanen dā.

Duwatsun suna kan iyakar ƙasashen Kano, Bauci da Zazzau. Tun dā Butawa, Warjawa, Pa'awa da Sirawa suke zaune a yankin, kowace kabila da harshenta. Wajen shekara ta 1846 Malam Hamza da waɗansu malamai suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda gardamar haraji, suka nemi mafaka a wurinsu. Suka haɗa kai da masu ƙasa, suka ƙi biyayya ga sarakunan daular Sakkwato.

Me ya sa rundunonin Kano da Bauci suka kasa murƙushe su? Ƙarfin sarakunan nan yana ga dawaki ne, doki kuwa ba ya sukuwa a kan dutse. Maharba kaɗan a bakin ƙunƙuntar hanya sun isa su tsai da mayaƙa masu yawa.

Amma mu faɗi gaskiya duka. Kagarar da ta ɓoye masu gudu ta zama wurin fita hari. A zamanin Ɗan Maje da Ɗan Yaya, mayaƙan Ningi sun kama bayi a ƙauyukan Kano, har maƙwabtansu na duwatsu ba su tsira ba. Mulkin Ɗan Yaya ya ƙare a 1902, da zuwan Turawa. Daga baya aka sauko da fadar zuwa fili.

Ga abin da ya kamata mu lura. Butawa sun gagari dawaki fiye da shekara 50, amma a kwanakin salama harshensu ya ɓace, jikokinsu Hausa suke yi. Ba a ƙwace shi da mashi ba, a gida aka daina magana da shi.

Ku iyaye, in kun kai 'ya'yanku su ga duwatsun nan, ku ba su labarin da harshenku.