Asalin Kalma: Fanke

A unguwar Muhandisin da ke Giza, daura da birnin Alƙahira, idan azumi ya kama, masu ƙaɗayif kan zuba ƙullu a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, sama ta yi ƙananan ramuka, ba a juya shi. Bahaushen da ya tsaya kallo zai ce fanke ne, kuma bai yi kuskure sosai ba.

Kalmar fanke daga Turanci muka aro ta, daga pancake. Hausa ba ta da sautin p, sai harshe ya mai da shi f, kamar yadda ya yi wa fensir da fasinja da fam. Ƙarshen kalmar kuma ya zube, domin kalmominmu sun fi son ƙarewa da wasali.

Ma'anar ma ta yi tafiya. Na Bature fale-fale ne a kasko da ɗan mai kaɗan. Namu na Kano kuwa ƙullun fulawa ne da yis da sukari, a bar shi ya tashi, a dinga ɗiba da hannu ana jefawa cikin mai, ya fito dunƙule, ja, mai laushi.

Cikin nau'ikan biyu, ga uwar da ɗanta ke tsandar abinci, ni na fi son a koma ga na kaskon. A dama garin alkama (ita kuma daga Larabci take, alƙamh) da ƙwai da madara, a murƙushe nunanniyar ayaba a ciki maimakon sukari. Yaron da ya kau da kai daga dafaffen ƙwai, jin an ce fanke ne sai ya miƙo hannu.