Giftawar Zara da Uɗaridu ta Gaban Rana: Nazari daga Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda Zara da Uɗaridu suke giftawa tsakanin duniya da rana, ta auna lokutan giftawar da agogon Kano, sannan ta nuna cewa ranar 13 ga Nuwamba, 2032 ce damar da ya kamata masana a birnin su shirya wa.

Gabatarwa

Bahaushe ya san Zara. Da magariba yana kiranta matar wata, da asuba kuma Gamzaki, alhali tauraruwa ɗaya ce. Abin da bai saba gani ba shi ne Zara da rana tsaka, ta zama baƙin ɗigo tana rarrafe a fuskar rana. Wannan ba kusufi ba ne irin na 29 ga Maris, 2006, wanda ya duhunta yankunan Gusau da Katsina. Hasken da Zara take tarewa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, ido ba ya lura da raguwarsa. Saboda haka muka zaɓi kalmar giftawa.

Dalilin ƙarancinta

Duk bayan kwana 584 Zara takan bi ta tsakaninmu da rana, amma falakinta ya karkace da na duniya da kimanin digiri 3.4, sai ta wuce ta sama ko ta ƙasa. Sai a Yuni ko Disamba ake dacewa, kuma bibbiyu suke zuwa, shekara 8 tsakaninsu, sannan a jira fiye da ƙarni guda. Jeremiah Horrocks ya fara ganin giftawar a Ingila a 1639. Edmond Halley ya nuna cewa idan aka auna lokacinta daga wurare masu nisa da juna za a iya lissafa nisan rana, abin da ya kai Kyaftin Cook tsibirin Tahiti a 1769.

Lissafin Kano

Kano tana kan digiri 12 arewa da 8.5 gabas. Ranar 8 ga Yuni, 2004, rana ta fito wajen ƙarfe 6, Zara ta shiga fuskarta mintuna kaɗan bayan haka, ba ta fita ba sai wajen zawali. Ma'ana, wanda ya tsaya a kan Dala ko Goron Dutse, in dai gajimaren farkon damina bai tare shi ba, zai iya binta daga farko har ƙarshe, awa shida cur. Rabon duniya da ganin haka tun 1882. Ta 2012 kuwa ta ƙare kafin rana ta fito mana, kuma ba wata sai Disamba 2117.

Saura Uɗaridu, wanda yake giftawa sau 13 ko 14 a ƙarni. Na 11 ga Nuwamba, 2019 ya fara da ƙarfe 1:35 na rana, har rana ta faɗi bai gama ba. Na 2032 zai fara wajen 7:41 na safe ya ƙare wajen 12:07, duka a sararin samaniyar Kano.

Matsala biyu ce. Uɗaridu ƙanƙane ne, ba ya ganuwa sai da madubin hangen nesa. Ta biyun ta fi damun mai wannan nazari: Nuwamba farkon hazo ne, lokacin da rana take fitowa fara sol kamar faifai, yaro ya ƙura mata ido bai ji zafi ba, alhali tana iya ƙona masa gani. Hanyar da ta fi aminci ita ce a jefa hoton rana daga madubin zuwa kan farar takarda, jama'a su kewaye su kalla.

Ƙasar da ta haifi Muhammad al-Kashinawi, masanin hisabi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Muna kira ga sashen fiziks na Jami'ar Bayero da malaman falaki na cikin gari da su haɗa kai tun yanzu, su tanadi madubai, su horar da malaman makarantu, su kai ɗalibai kan Dala da safiyar 13 ga Nuwamba, 2032.