Saɓanin Suna A Takardar Aure: Yadda Ake Warware Shi Wajen Binciken Asalin Zuriya

Duk wanda ya tashi bin diddigin asalin gidansu yakan yi karo da wata matsala da ba ta fito fili sai an jera takardu. Takardar auren kaka ta ce sunan mahaifinta kaza, takardar makarantar 'ya'yanta ta kawo wani suna, fayil ɗin aikin mijinta kuma ya zo da na uku. Lamarin bai tsaya ga masu sha'awar tarihi ba. Irin wannan saɓani na iya tsayar da rabon gado, ya jinkirta biyan haƙƙin ma'aikacin da ya rasu, ko ya sa a ƙi ba mutum biza.

Ƙa'idar da ake bi ita ce, bambancin suna ba ya tabbatar da cewa mutum biyu ne, kamar yadda daidaiton suna ba ya tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Aikin mai bincike shi ne gano dalilin da ya haifar da bambancin.

Inda saɓanin ke samo asali

Al'adar Bahaushe ba ta san sunan iyali da ake gada daga kaka zuwa jika ba. Ana kiran mutum da sunan yankansa, a bi shi da na mahaifinsa, saboda haka suna na biyu yana canzawa daga wannan tsatso zuwa na gaba. Da makarantun boko da aikin gwamnati suka zo da fom mai neman suna na dindindin, kowa ya cike gurbin da abin da ya samu. Da yawa sun ɗauki sunan gari. Mahaifin Malam Aminu Kano shi ne Malam Yusufu, mahaifin Alhaji Shehu Shagari kuwa Aliyu, amma da sunayen garuruwansu duniya ta san su. Haka abin yake ga Abubakar Tafawa Ɓalewa. Don haka 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, na iya ɗauke da suna na biyu daban-daban.

Dalili na biyu shi ne laƙabi da alkunya. Garba, Habu da Bukar duk Abubakar ne. Audu Abdullahi ne, Mamman Muhammadu, Iro Ibrahim, Sanda Umaru, Shehu kuma sau da yawa Usman. A ɓangaren mata, Binta Fatima ce, Indo A'isha, Kulu Hauwa, Dije Hadiza. Wanda aka rubuta Garba Audu a wata takarda, aka rubuta Abubakar Abdullahi a wata, bai canza suna ba ko kaɗan. Akwai kuma sunayen rana da na yanayin haihuwa, irin su Ɗanjuma, Ɗanladi, Balarabe, Talatu da Tanko, waɗanda kan danne sunan yanka har 'ya'yan mutum su girma ba su san shi ba. Sani, Salisu da Rabi'u kuwa asalinsu lissafi ne na masu suna Muhammadu a gida ɗaya.

Dalili na uku riƙo ne. Yaron da baffansa ko kawunsa ya riƙe, da sunan mariƙin akan sa shi a makaranta, sunan kuma ya bi shi har ritaya. A wajen ɗaurin aure ma, waliyyin amarya ba lallai ne ya zama mahaifinta ba, kuma magatakarda mai gaggawa na iya sa sunan waliyyi a gurbin uba.

Na huɗu shi ne rubutu. Suna ɗaya kan fito da siffofi da dama idan aka juya shi daga ajami zuwa boko: Muhammadu, Muhammad, Mohammed. Tsofaffin tafiretoci ba su da haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ. Iyalan fatake da ke da dangi a Maraɗi ko Damagaram za su tarar an bi ƙa'idar Faransanci a takardun Nijar, inda Usman ya zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou, Muhammadu kuma Mahamadou.

Na ƙarshe ya shafi mace kai tsaye. A shari'ar Musulunci mace tana riƙe da nasabar mahaifinta bayan aure, amma a aikin gwamnati da banki mata da dama sun koma amfani da sunan miji. Wadda ta yi aure fiye da sau ɗaya na iya barin takardu masu sunaye uku.

Wace irin takarda ce a hannu?

Kafin a yanke hukunci, a fara tantance inda takardar ta fito. Auren da aka ɗaura a ƙarƙashin Dokar Aure ta Tarayya, wadda ta samo asali daga dokar 1914, ana yi masa rajista a ofishin rajistar aure ko a coci mai lasisi, kuma takardarsa tana da gurbin sunan mahaifin ango da na amarya tare da sana'arsu. Auren Musulunci da na gargajiya kuwa shaidu ne ginshiƙinsa, kuma galibin na da ba a rubuta su ranar da aka ɗaura ba. Akan nemi takarda daga kotu ko ƙaramar hukuma bayan shekaru, lokacin da buƙatar tafiya ko ta ofis ta taso. Saboda haka a duba kwanan wata biyu: ranar aure da ranar bayar da takarda. Idan tazarar ta yi yawa, bayanin ya dogara ne da abin da wani ya tuna.

Matakan tantancewa

Da farko, a tattara duk takardar da ta ambaci mutumin, a jera su bisa shekara, a kwafe kowane suna yadda aka rubuta shi ba tare da gyara ba. Takardun da suka fi amfani su ne rajistar shiga firamare, fayil ɗin aiki, fasfo na aikin Hajji, takardar mallakar fili da hukuncin rabon gado, wanda kan lissafa magada da dangantakarsu da mamaci.

Na biyu, a auna kowace takarda da tambayoyi biyu: yaushe aka rubuta ta, kuma wa ya bayar da bayanin? Wadda aka rubuta kusa da faruwar abu, daga bakin wanda ya sani da kansa, ta fi wadda aka cike daga baya nauyi. Yawan takardu ba hujja ba ne idan duk daga kuskure ɗaya aka kwafo su.

Na uku, a nemi abin da ba ya canzawa da sauƙi: unguwa, sana'a, sarauta, sunan mahaifiya, sunayen shaidu. Idan waɗannan suka dace a takardu biyu, saɓanin suna ya rage ƙarfi.

Na huɗu, a garzaya wurin dattawa tun suna raye. Gwaggo ko inna ta fi kowa sanin wa aka yi wa takwara, wa ya riƙe wa. A tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an fara faɗa musu amsar da ake so ba. Mai neman abin da ya shafi zamanin En'e kuma zai iya duba Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da kuma takardun masarautu.

Gyara ta hanyar doka

Kada a kuskura a goge ko a ƙara harafi a tsohuwar takarda, domin hakan na zubar da darajarta, yana kuma iya zama laifi. Ga auren rajista, sashe na 31 na Dokar Aure ya ba magatakarda damar gyara kuskuren alƙalami da izinin babban magatakarda, idan an gabatar da takardar da aka ba ma'auratan, sannan ya sa hannu da kwanan wata. Kuskuren rubutu ba ya ɓata aure. Abin da sashe na 33 ya ce yana rushe shi shi ne ma'aurata su biyun su amince, da saninsu, a ɗaura shi da sunan ƙarya.

Idan saɓanin ba na alƙalami ba ne, hanyar da aka saba ita ce takardar rantsuwa a kotu, mai bayyana cewa sunayen duka na mutum ɗaya ne, a haɗa da sanarwa a jarida. Da su ake zuwa daidaita bayanan lambar NIN, ta BVN da na fansho. Sai dai mai bincike ya sani cewa rantsuwa furucin mai ita ne kawai, ba ta maye gurbin hujja, shi ya sa ake so a jingina ta da takardu da shaidar dattawa.

A littafin zuriya kuwa, a rubuta sunan yanka a sama, a lissafa sauran sunayen a ƙarƙashinsa, kowanne da takardar da aka same shi. Inda hujja ba ta kai ba, a bar sunayen biyu tare da bayanin abin da ya rage a tabbatar, domin jikan da zai ɗora daga nan ya san inda aka tsaya.