BABI NA UKU: RAYUWA DA AIKIN SOJA NA JANAR BENJAMIN O. DAVIS ƘARAMI (1912–2002)

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin rayuwar Janar Benjamin Oliver Davis Ƙarami, baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shugabanci matuƙa jiragen saman yaƙin nan da aka fi sani da matuƙan Tuskegee a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Za a fi mayar da hankali ne a kan shekarun 1943 zuwa 1945, domin a cikinsu ne aka yanke shawara a kan ko baƙar fata zai ci gaba da tuƙa jirgin yaƙi a Amurka, ko kuwa a raba shi da wannan aiki.

3.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Davis a birnin Washinton ranar 18 ga watan Disamba, 1912. Mahaifinsa soja ne, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya kai muƙamin Janar a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, a shekarar 1940. Da yake sunansu ɗaya ne, shi ya sa ake ƙara wa ɗan laƙabin Ƙarami.

A shekarar 1932 ya sami shiga makarantar horar da hafsoshi ta West Point ta hannun Oscar De Priest, wanda shi kaɗai ne baƙar fata a majalisar dokokin tarayya a wancan lokaci. A nan ne 'yan'uwansa ɗalibai suka haɗa baki suka ƙaurace masa. Tsawon shekara huɗu ba mai yi masa magana sai a kan aiki, ba wanda ya yarda ya zauna ɗaki ɗaya da shi, a wurin cin abinci ma babu mai kula shi. Manufarsu ita ce ya gaji ya bar makarantar da kansa. Bai bari ba. Ya kammala a 1936, ya zo na 35 daga cikin ɗalibai 276. Duk da wannan sakamako, da ya nemi shiga sashen sojan sama sai aka hana shi, bisa hujjar cewa sashen ba shi da rundunar baƙaƙe. Aka tura shi aikin sojan ƙasa a barikin Fort Benning da ke jihar Jojiya, daga baya kuma aka mayar da shi malamin darussan soja a kwalejin baƙaƙe ta Tuskegee a jihar Alabama.

3.2 Runduna ta 99 da Zargin da Aka Yi Mata

Matsin lamba daga jaridun baƙaƙen fata da ƙungiyoyinsu shi ya tilasta wa gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa wata ƙaramar rundunar jiragen yaƙi ta baƙaƙe zalla a 1941, wato runduna ta 99. Davis yana cikin mutum biyar na farko da suka kammala koyon tuƙi a watan Maris na 1942, kuma shi aka ba shugabancin rundunar. A watan Afrilu na 1943 suka sauka a Arewacin Afirka, a watan Yuni kuma suka fara kai farmaki a kan tsibirin Pantelleria na ƙasar Italiya da jirage samfurin P-40.

Ba su fi wata uku da fara yaƙi ba sai Kanar William Momyer, wanda aka sanya su a ƙarƙashinsa, ya rubuta rahoto cewa matuƙan ba su da zuciyar faɗa, kuma ba su iya riƙe sahu idan abokan gaba suka far musu. Manyan kwamandoji suka goyi bayan rahoton, har aka ba da shawarar a janye su daga fagen daga a mayar da su sintirin gaɓar teku. Da an zartar da wannan shawara, da ba runduna ta 99 kaɗai abin zai shafa ba, domin da ita ake auna dukkan sauran matasan da ke karɓar horo a Tuskegee.

A watan Oktoba na 1943 Davis ya bayyana a gaban wani kwamiti na Ma'aikatar Yaƙi a Washinton. Abin lura a nan shi ne bai tsaya kukan wariyar launin fata ba, ko da yake ya fi kowa sanin ɗacinta. Ƙididdiga ya gabatar. Ya nuna cewa matuƙa 26 ne kawai yake da su, alhali sauran rundunoni suna da 30 zuwa 35, saboda haka mutanensa sun fi kowa yawan tashi a rana. Haka kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin yaƙi kafin wannan lokaci, kuma aikin da aka fi ba su na kai hari ne a kan sojojin ƙasa, inda ba safai ake gamuwa da jiragen Jamus ba. Janar George Marshall ya ba da umarni a yi bincike, binciken kuma ya tabbatar da cewa babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu da sauran rundunonin da ke amfani da P-40 a yankin. Kafin ma a fitar da sakamakon, a ranakun 27 da 28 ga Janairu, 1944, rundunar ta kakkaɓo jiragen Jamus fiye da 10 a sararin samaniyar Anzio.

3.3 Aikin Rakiya

Tun a watan Oktoba na 1943 aka ba Davis shugabancin babbar runduna ta 332, wadda ta yi sansani a Ramitelli cikin Italiya. Daga tsakiyar 1944 aikinta ya koma rakiyar manyan jiragen jefa bama-bamai masu zuwa Jamus da ƙasashen da ta mamaye. An shafa wa wutsiyar jiragensu samfurin P-51 jan fenti, da shi kuma ake gane su.

Dokar da Davis ya kafa wa matuƙansa mai tsauri ce: kada kowa ya rabu da jiragen da yake rakiya ya bi jirgin abokan gaba don neman suna. Wannan doka ta yi wa matasan nauyi, domin a al'adar sojan sama yawan jiragen da mutum ya harbo shi ne ma'aunin jarumtarsa, wanda ya harbo biyar kuwa akan ɗauke shi gwarzo. A cikin matuƙan Tuskegee babu wanda hukuma ta tabbatar masa da biyar. Za a iya cewa darasin 1943 ne ya sa Davis ya zaɓi wannan hanya, don ya san cewa duk jirgin da aka rasa a hannunsu zai zama hujja ga masu neman a rufe rundunar. Ranar 24 ga Maris, 1945, shi da kansa ya jagoranci tashin rakiyar da aka yi zuwa Berlin, tafiyar kusan mil 1,600 zuwa da dawowa, inda mutanensa suka harbo uku daga cikin sababbin jiragen jet na Jamus samfurin Me 262.

An daɗe ana yayata cewa rundunar ba ta taɓa rasa ko jirgi ɗaya daga cikin waɗanda ta raka ba. Binciken da masanin tarihi Daniel Haulman ya yi a cikin takardun rundunar sojan sama ya nuna ba haka abin yake ba. A cikin rakiya 179, an harbo jirage 27 da ke ƙarƙashin kulawarsu. Sai dai kuma sauran rundunonin rakiya na yankin, idan aka daidaita, kowace ta rasa kimanin 46. Ashe ke nan gaskiyar ma ta wadatar, ba sai an ƙara mata gishiri ba.

3.4 Rayuwarsa Bayan Yaƙi

Ranar 26 ga Yuli, 1948, Shugaba Truman ya sa hannu a kan dokar hana wariya a aikin soja, kuma Davis yana cikin waɗanda suka taimaka wajen tsara yadda rundunar sojan sama za ta aiwatar da ita a 1949. A ƙarshen 1953, bayan an tsagaita wuta, ya shugabanci wata rundunar jiragen F-86 a Koriya ta Kudu, wadda akasarin matuƙanta fararen fata ne. Ya zama Birgediya Janar a 1954, baƙar fata na farko a rundunar sojan sama, sannan Laftanar Janar a 1965. Ya yi ritaya a 1970, ya koma Ma'aikatar Sufuri inda ya kula da shirin hana fashin jiragen fasinja.

A watan Disamba na 1998 Shugaba Clinton ya ƙara masa tauraro na huɗu, ya zama cikakken Janar. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 2002, yana da shekara 89, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. A shekarar 2017 makarantar West Point ta buɗe wani sabon ginin kwanan ɗalibai, ta sanya masa sunansa.