Soyayya Bayan Rugujewar Duniya: Asalin Wannan Reshe na Adabi da Alaƙarsa da Tarihin Sakkwato

Labaran soyayya na bayan rugujewar duniya reshe ne na ƙagaggun labarai da ake gina su a kan zamanin da annoba, ko yaƙi, ko fari ya rusa tsarin rayuwar al'umma. Hukuma ta watse, kasuwa ta daina ci, hanya ta zama abin tsoro, sai ga mutum biyu suna neman tsira tare. Marubutan ba tashin alƙiyama suke nufi ba, domin wannan al'amari ne na aƙida da ba ya cikin hurumin ƙagaggen labari. Abin da suke nufi shi ne rushewar duniyar da mutum ya saba da ita, alhali da sauran numfashi a ƙirjinsa.

Asalinsa

Cikin littattafan farko da ake ambata a wannan fanni akwai The Last Man na marubuciyar Ingila Mary Shelley, wanda ya fito a 1826, inda annoba ta cinye bil'adama. A 1993 Ba'amurkiya Octavia Butler ta fitar da Parable of the Sower, labarin budurwa Lauren Olamina da aka ƙone unguwarsu, ta kama hanya da ƙafa, ta haɗu da wani dattijon likita mai suna Bankole, ƙauna ta shiga tsakaninsu. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta kai labarinta Who Fears Death na 2010 ƙasar Sudan ta wani zamani mai zuwa, ta ɗora shi a kan Onyesonwu da masoyinta Mwita.

Ginshiƙai uku

Ginshiƙi na farko shi ne tsira. A labarin soyayya na yau da kullum, abin da ke raba masoya shi ne iyaye, ko dukiya, ko kishiya. A nan kuwa ruwan sha ne, da hatsi, da wurin kwana.

Na biyu amana. Idan babu alƙali kuma babu mai unguwa, babu abin da ke tsare mutum sai halin abokin tafiyarsa. Shi ya sa ake yawan cin karo da tambayoyi iri ɗaya a littattafan: wa zai yi gadi yayin da ɗayan ke barci, wa ya ɓoye abinci, wa zai koma ya ɗauko wanda ya ji rauni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin masifar da ke faɗa wa taurarin labaran daga tsagewar amana take farawa.

Na uku ita ce soyayyar kanta, wadda ake gwada ta da aiki. Mai karatu kan tsaya ya tambayi kansa ko so ne ya haɗa mutanen nan biyu, ko kuwa tsoro da buƙata. Labarin da ya yi armashi shi ne wanda ya bar tambayar a buɗe har sai lokacin da ɗayansu ya samu damar tsira shi kaɗai, sannan a ga abin da zai zaɓa.

A adabin Hausa

Wannan reshe bai yi ƙarfi a rubutun Hausa kamar soyayyar gida da aure ba, irin ta So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da ya fito a 1980, ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Sai dai jigonsa ba baƙo ba ne. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwa ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Ƙaunar uwa ce, amma tubalin ginin iri ɗaya ne. Haka kuma a gasar Hikayata ta farko da sashen Hausa na BBC ya shirya a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar sansanin 'yan gudun hijira yake.

Abin da Sakkwato ta gani

Birnin Shehu ya taɓa ganin ranar da tsarin mulki ya kife a yini guda. Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, dubban mutane suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, da yawansu suna ganin zuwan Nasara alama ce ta ƙarshen zamani. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin Kogin Nilu. Bayan shekara goma kuma yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta tarwatsa iyalai a ƙasar Hausa.

A wannan zamanin ma, hare-haren 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo sun tashi ƙauyuka, wasu mazaunansu suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, wasu suka kwararo cikin birnin Sakkwato. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, miji da mata da hanya ta raba suka rasa yadda za su ji ɗuriyar juna.

Shari'a ma ta san wannan hali. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala da ake karantawa a zaurukan malamai, matar da mijinta ya ɓace a ƙasar Musulmi takan jira shekara 4 daga ranar da ta kai magana gaban alƙali, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10 kafin ta yi wani aure. A cikin wannan hukunci kaɗai akwai jira, da shakka, da matsin dangi, da yiwuwar mijin ya dawo bayan an ɗaura wani auren.

Hattara ga marubuta

Marubucin da zai taɓa wannan jigo a Sakkwato yana rubutu ne a gaban mutanen da abin ya faru a kansu. Masu nazari a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu na iya taimaka masa da tarihin 1903. Game da na yau kuwa, wajibi ne ya guji ƙawata ɗan bindiga ya mai da shi gwarzon masoyi, ya kuma guji kiran auren dole a hannun masu garkuwa da sunan soyayya. Idan babu yardar mace babu amana, kuma amana ce ginshiƙin da wannan reshe na adabi ya fi dogara a kai.